Gangar Noma da Tamburan Sarki

Mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa kafin rediyo da kaset su cika gidaje ba ya bukatar a gaya masa abin da ke faruwa a gari idan ya jiyo kiɗa daga nesa. Kunnensa ne zai raba masa gardama. In kalangu ne da hantsi ta wajen kasuwa, an yi yanka, nama ya iso rumfar mahauta. In dundufa ce, maƙera ne ke da sha'ani. In wata ganga mai kaurin murya ce take tasowa daga bayan gari da damina, wani ya kira gayya a gonarsa. In kuwa tambari ne ya yi gurnani, maganar ta sarki ce: ko Salla ta zo, ko an yi sabon sarki, ko kuma, a zamanin da, yaƙi ya taso. Kowace ganga da masu ita, kuma ba a yi mata shisshigi. Attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki, maƙeri kuma ba ya tsuma don an kaɗa taken mahauta.

A nan ina so mu duba abin da ya rage na wannan tsari, kuma Gyaɗi-Gyaɗi na zaɓa mu tsaya. Unguwa ce ta wajen ganuwa, a ƙaramar hukumar Tarauni, a bakin titin Zariya, kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mazaunanta tattare suke daga ko'ina: ma'aikata, likitoci, 'yan kasuwa, ɗalibai, da 'ya'yan cikin birni da gidajen gado suka yi wa kaɗan. Daga nan zuwa Ƙofar Kudu ta gidan sarki tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu. Titin gidan zu kuwa, inda ɗakunan buga waƙoƙin zamani da ofisoshin 'yan fim suka yi sansani, maƙwabci ne na ƙut da ƙut. Wanda ya zauna a nan yana tsakanin tambari da fiyano. Abin da ba ya ji, ko kuma ya rage ji ƙwarai, shi ne kiɗan da ke tsakaninsu, na manoma da maƙera da mahauta da matan gida.

Mu fara da fada, don ita ce ke da rubutaccen tarihi. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya kula da kayan kiɗa da busa kamar yadda ya kula da yaƙe-yaƙe. Ya ce a zamanin Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14, aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano. A zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani basarake da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da dawakai da ganguna da kayan busa da tutoci. Sai Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da aka lissafa kakaki cikin abubuwan da ya fara, tare da figini da takalman gashin jimina. Duba abokan tafiyar kakaki a wannan jeri. Marubucin bai ɗauke shi abin nishaɗi ba, ya sa shi ne cikin kayan mulki. Haka abin yake har yau: tambari da kakaki da farai da kuge alamun sarauta ne kafin su zama kayan kiɗa.

Wannan ne ma ya jawo musu fushin masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya sa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya soka, ko da yake ya bar ƙofa ga gangar yaƙi da ta tara jama'a. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya sauka a Kano wajen 1807 ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami, ya ba da labari da kansa a Tazyinul Waraƙati cewa an mai da kwarangwal ɗin gangunan da ya tarar abin zuba wa dawaki harawa. Amma mulki ba ya tafiya shiru. Daga zamanin Sarki Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, wanda ya farfaɗo da sarautu da tsare-tsaren fada na da, alamomin mulki suka riƙa komawa mazauninsu. Jikokin masu tuta suka zama su ne ake busa wa kakaki.

Kakaki abu ne da ya kamata mutum ya gani a kusa ko da sau ɗaya. Dogon bututun ƙarfe ne da ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ana harhaɗa shi gaɓa-gaɓa, ba shi da ramukan yatsu ko ɗaya. Mabushi yakan ɗaga shi da hannu guda ya tokare, ya cika ƙirji, ya fitar da murya biyu kacal, ta sama da ta ƙasa. Da waɗannan muryoyi biyu yake magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka, saboda haka in an bi hawa da saukar kalmomin kirarin sarki daidai, wanda ya san kirarin zai ji shi ɗungurungum a bakin ƙarfe. Algaita kuma ta fi shi surutu. Mai ita yakan kumbura kumatu, yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ta baki a lokaci guda, sautin ba ya yankewa har ka tausaya masa. A bayansu tambura ne, manyan akusan ice da aka rufe da fatar sa, waɗanda ake ɗorawa a kan raƙuma ranar hawa.

Wannan ɓangare na kiɗanmu yana da mai kula da shi. Makaɗan fada suna da sarautu irin su Sarkin Kakaki da Sarkin Kotso da Sankira, suna da ranakun aiki sanannu, daga kiɗan daren Juma'a zuwa na daren Salla, suna da riga da abinci da ake ba su, kuma ɗa yana ganin amfanin ya gaji ubansa. Masana ma sun yi musu hidima. Wani Ba'amurke, Fremont Besmer, ya zauna da makaɗan fadar Kano a zamanin Sarki Ado Bayero, ya rubuta kundin digirinsa a kansu a 1971, sannan ya fitar da wani ɗan littafi a kan kiɗan daren Salla a 1974. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san wannan kiɗa bai kama hanyar mutuwa ba.

Damuwata tana wani wajen.

Kiɗan talakawa ba shi da Sankira, ba shi da ranar albashi. Sana'a ce take ɗauke da shi. Ɗauki kalangu, wanda asalinsa na mahauta ne. Ana sassaƙa kwarangwal ɗinsa daga ice mara nauyi irin alilliba, a matse tsakiyarsa, a rufe bakinsa biyu da fatar akuya mai laushi, sannan a ja tsarkiyoyin fata daga wannan baki zuwa wancan. Makaɗi yakan rataye shi a kafaɗa ya danne a hammata. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Yatsun hannun hagu suna cikin tsarkiya suna gyara abin da hammata ta bari, hannun dama yana riƙe da makaɗi mai lanƙwasasshen kai. Kakaki murya biyu gare shi, shi kuwa kalangu yana iya bin magana duk inda ta karkata, har da ɗan jan da mutum yake yi in yana zolaya. Da damina fata takan saki, sai ka ga mai shi ya kai shi rana ko ya kara shi kusa da wuta kafin ya fara aiki. A gefensa akwai ɗan karɓi da kuntuku, su ne ke riƙe ƙasa yayin da babban yake zance.

In kana son ganin ƙarfin wannan zance, je gidan dambe, misali na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Dambe wasan mahauta ne tun asali, shi ya sa kalangu ne kiɗansa. Ɗan dambe yana zaune a gefe, an naɗe masa hannu, yana hira da yaransa kamar ba shi ne zai shiga ba. Sai makaɗi ya saki takensa. Ba a kira sunansa da baki ba, amma za ka ga jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe, ya taka zuwa gaban makaɗa, ya ɗaga hannu ya fara kirari. Kowa a filin ya san wa aka kira. Abin da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ke nan har sunan Shagon ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Haka dundufa take yi wa maƙeri har ya kama jan ƙarfe da hannu a wasan wuta, haka talle take yi wa 'yan tauri da mafarauta, haka gangar noma take yi wa saurayin da ya sunkuya a kunya ya ƙi ɗagowa sai ya kai gaci. A cikin gida kuma mata suna da nasu: shantu, da ƙwarya a kife a ƙasa ko a kan ruwa, da luguden taɓarya, da waƙoƙin daɓe.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa manyan makaɗan fada daga wannan fili suka fito. Ibrahim Narambaɗa, wanda har yau ake karanta waƙoƙinsa a jami'a, da waƙoƙin noma ya fara a Tubali kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, a gidan kiɗan noma ya buɗe ido, a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa yayansa Kurna amshi, kafin ya kai ga yi wa Sardauna da manyan sarakuna waƙa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ma gaji kiɗa ba, haye ya yi, kuma daga dandalin samari da 'yan mata ya ɗauko kalangu ya shigar da shi zaurukan da a da ba ya shiga. A gona da dandali ake koyon yadda ake riƙe jama'a, yadda ake karanta fuskar mutum a san kalmar da za ta motsa shi, yadda ake jan amshi na tsawon yini murya ba ta dushe ba. Fada tana karɓar gwani ne bayan ya nuna, ta ƙara masa ladabi da sanin nasaba. Kiɗan fada kamar rijiya ce a tsakar gida wadda idon ruwanta yake can bayan gari: in can ya ƙafe, za a daɗe ana ɗiba kafin a farga.

To yanzu mu dawo Gyaɗi-Gyaɗi mu ga me ya rage a can bayan garin. Gonakin da suka kewaye Kano ta wannan kusurwa sun zama filotai, daga Hausawa har Unguwa Uku da Darmanawa, saboda haka babu gayya, babu gangar noma. Mai nama yana nan a bakin titi da teburinsa da gilashinsa, amma kwan lantarki da ƙamshin tsire ne ke kira masa ciniki. Maƙeri ya zama mai walda. Injin niƙa ya kashe lugude, siminti da tayil sun kashe daɓe. Babu wanda zai ce a koma daka don a ji waƙa, ni ma ban ce ba. Matan da suka huta da taɓarya sun san abin da suka huta da shi. Amma gaskiya ce cewa kowace sana'a da ta sauya ta tafi da gangarta, kuma ba a yi wa gangar wani masauki ba.

Biki ne ya rage, shi ma ya sauya hannu. A yinin biki na da, masu ƙwarya ne ke zama a tsakar gida, uwar biki da ƙawayenta su yi ta rawa ana liƙi, irin kiɗan amada da Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge suka shahara da shi. Yau an kama ɗakin taro, an ɗauko mai sa waƙa da manyan lasifikoki, an riga an je titin gidan zu an buga wa amarya waƙarta da sunanta da na ango. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, musamman bayan Sangaya, fiyano ta zama ita ce makaɗiyar gari. Mutum ɗaya da kwamfuta yana fitar da abin da a da sai mutum takwas. Mai kalangu kuwa za ka same shi a bakin ƙofa, a waje, tare da maroƙa, yana bin masu fitowa daga mota. Ya kaɗa wa alhaji take, alhaji bai san an kira shi ba, sai maroƙi ya fassara da baki: ranka ya daɗe, kai ake gaisarwa. A ba shi ɗari biyu ko ɗari biyar a wuce. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk lamarin. Makaɗin bai manta aikinsa ba, hannunsa yana faɗin abin da hannun kakansa ya faɗa. Masu sauraro ne suka daina jin yaren.

Ko tashe, wanda shi ne makarantar farko ta yaron birni, inda yake fara ɗaure fata a bakin gwangwani daga goma ga azumi, ya shiga wani hali. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana shi a Kano saboda 'yan daba da suke fakewa da shi. Dalilin hanin a fili yake, kuma duk mai ɗa zai fahimta. Sai dai yaron da bai taɓa riƙe ko gwangwani ba, ina zai gano cewa yana da hannu?

Akwai kuma tsohon ciwo, wanda ya girmi fiyano. Mun daɗe muna son kiɗa muna raina makaɗi. Mutum zai yi kuka da waƙar Ɗanƙwairo a motarsa, amma in ɗan makaɗi ya zo neman 'yarsa sai a fara bincike da kame-kame. Ɗan da ya ga haka, ya kuma ga ubansa a bakin ƙofar ɗakin taro, me zai sa ya karɓi kalangu? Gara ya sayi babur. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan.

Ganga ɗaya ce ta talakawa da take ƙara yaɗuwa a Kano, wato bandiri, kuma dalilin a bayyane yake. Tana da gida. Zawiyoyin Ƙadiriyya suna koyar da ita, yara suna tashi a cikinta, ga maukibin da Shehu Nasiru Kabara ya assasa tun a shekarun 1950 yana fito da ita bainar jama'a kowace shekara. Mai bandiri ba ya jin kunyar abin da ke hannunsa. Duk gangar da ta samu wurin koyo da ranar fita da mutuncin mai ita, tana rayuwa.

Wani ɗan tsibiri a gabashin Afirka ya fuskanci irin wannan tambaya, kuma labarinsa ya cancanci mu tsaya a kansa. Unguja, babban tsibirin Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, ya ɗan haura rabin tafiyar Kano zuwa Zariya. Mutanensa Musulmi ne kusan duka, kuma su ma suna da kiɗa hawa biyu. Na sama shi ne tarab. Yadda ake ba da labari a can, Sarki Bargash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888, shi ya tura wani mai suna Muhammad Ibrahim Masar ya koyo ƙanun, wani faffaɗan abin kiɗa mai tsarkiyoyi da yawa da ake ɗorawa a cinya, ya dawo ya kafa ƙungiyar makaɗan fada. Da Larabci ake waƙar, a zaune ake saurare, ba a rawa. Na ƙasa kuma shi ne ngoma, gangunan ƙauye da na unguwannin talakawa, na biki da girbi da gyaran amarya.

Abu biyu suka faru da tarab da ba su faru da kiɗan fadarmu ba. Na farko, ya fita daga fada tun da wuri ya shiga hannun ƙungiyoyi. A 1905 aka kafa Ikhwani Safaa, wadda take nan har yau, a 1958 kuma aka kafa wadda ta zama Culture Musical Club. Mutum yana aikinsa da rana, malami ne ko tela ko ma'aikacin tashar jirgin ruwa, da dare ya je ƙungiya ya koyi kiɗa, ba tare da ya zama maroƙin kowa ba. Shi ya sa da juyin juya halin 1964 ya kawar da sarautar tsibirin, kiɗan bai bi ta ba. Na biyu, wata mace daga ƙasa ta shigo ta sauya masa jini. Siti binti Saad 'yar ƙauyen Fumba ce, 'yar talakawa, da tallar tukwane ta fara ɗaga murya. Ita ta mai da tarab zuwa Swahili, harshen kasuwa, ta yi waƙa a kan azzaluman ma'aikata da mazan da ke cutar mata. A 1928 aka kai ta Bombay ta Indiya aka ɗauki muryarta a faifai. Ta rasu a 1950. Abin da gona ta yi wa Narambaɗa, shi tallar tukwane ta yi wa Siti.

Magajiyarta, Fatuma binti Baraka da aka fi sani da Bi Kidude, ta riƙe hawa biyun a hannu ɗaya. Tana rera tarab ɗin Siti, kuma tana ɗaura doguwar gangar msondo a ƙugu ta kaɗa wa amare a bikin unyago, har cikin tsufa tukuf. Ta rasu a watan Afrilu na 2013, makonni kaɗan bayan rasuwar Barmani Choge a Funtuwa a watan Maris na shekarar. Mata biyu masu kaifin harshe, masu kiɗan cikin gida, waɗanda maza suka yi ta gunaguni a kansu amma suna saurare. Bambancin shi ne abin da kowace ta bari a baya. A Zanzibar tun 2002 akwai makarantar koyon kiɗa mai suna Dhow Countries Music Academy a tsohon birni, inda ake koyar da ƙanun da gogen Turawa a ɗaki ɗaya, ngoma a ɗaki na gaba, malamin ganga yana karɓar albashi kamar malamin ƙanun. Makarantar ba a cikin daula take ba, ta sha fuskantar barazanar rufewa saboda rashin kuɗi. Amma yarinyar da take son ganga ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Amada kuwa har yau a gidan biki kawai ake koyonta, in an samu gidan bikin da ya kira ta.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya tun 1989, da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya a cikinta. Daga wannan da'ira Malam Maman Barka ya fito da wani aiki da ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya sani. Malamin makaranta ne, ɗan Tesker, gwanin gurmi. Ya samu labarin cewa biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar mai siffar kwalekwale na Buduma masunta na tsibiran Tafkin Cadi, saura tsoho ɗaya ya iya shi, Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi ya zauna a gabansa ya koya, tsohon ya ba shi nasa biram ɗin. Barka ya zaga duniya da shi, ya fitar da faifai a 2009, ya rasu a 2018. Ba jininsa ba ne, ba yarensa ba ne. Ya nuna cewa abin da gado ya saki, koyo yana iya kamawa.

A Kano ba mu rasa masana ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundinsa a kan Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a Jami'ar Bayero. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha tana da 'yan koroso da makaɗanta, Gidan Makama yana da kayan tarihi a ajiye. Sai dai yawancin wannan hidima ta baitin waƙa ce, ta abin da ake iya rubutawa a takarda a yi jarrabawa a kai. Ɗalibi zai iya samun digiri a kan Narambaɗa bai taɓa riƙe kotso ba, bai san yadda ake manna danƙo a tsakiyar fatarsa don murya ta zauna ba. Hannu ba ya cikin manhaja.

Na san za a ce Kano ba Zanzibar ba ce, kuma malamai suna da magana a kan kiɗa. Haka ne, kuma saɓanin ya girmi kowa a cikinmu. Mun ga yadda aka yi da ganguna a 1807. Amma ko a lokacin ba a yi wa kowace ganga kuɗin goro ba, an bambanta ta shagala da ta aiki. Gangar da take sa matasa su nome gonar tsohuwa a yini ɗaya, da ƙwaryar da mata suke kaɗawa a tsakaninsu a bayan labule, suna da masu kare su ko a cikin malamai. Garin da ya yarda a buga fiyano a kowane lungu na titin gidan zu ba shi da hujjar ƙyamar dundufa.

Abin da ake bukata bai kai girman jami'a ba. Ɗaki ne, ko a Gidan Ɗan Hausa ko a wata makarantar sakandare ta Tarauni, da tsofaffin makaɗa huɗu ko biyar da za a ɗauko daga gidan dambe da ƙauyukan Kura da Dawakin Kudu, a yanka musu albashi, a kira su malamai, a buɗe ƙofa ga duk yaron da iyayensa suka yarda, ɗan gado ne ko ba ɗan gado ba. Masu ɗakunan buga waƙa na titin gidan zu suna da na'urorin da Besmer bai taɓa mafarkin samu ba, kuma su ne za su fara cin riba, don kalangun gaske ya fi wanda ke cikin fiyano daɗi, su ma sun sani. Aikin da ya fi gaggawa shi ne na take. A zaunar da makaɗi, ya kaɗa taken mahauta, a ɗauka, sannan ya faɗi kalmomin da baki, a ɗauka, ya faɗi wa ake yi wa shi da lokacin da ake yin sa. Haka za a bi na maƙera, na manoma, na masunta, na wanzamai, na kowane ɗan dambe da ya yi suna, gari-gari, domin taken Kano ba lallai ya zama na Katsina ko na Maraɗi ba. Faifan da aka ɗauki kiɗa kawai ba tare da kalmominsa ba, bayan shekara talatin babu mai iya warware shi, kuma mafi yawan waɗanda suka riƙe kalmomin a ka sun haura sittin.